Dala da Kano, da Abin da Ruwan Kainji Ya Rufe



Da aka ce in zo Yelwa ta ƙasar Yauri in yi magana kan wuraren tarihi, sai na ga gara in ɗauke ku mu je Kano tukuna, mu tsaya a gindin Dala, sannan mu dawo bakin Kwara.

Dala dutsen marmara ne ja, kansa a baje kamar faifai. Matakala 101 ake takawa a kai samansa. Ranar da na hau, da la'asar ce, iska na kaɗa rigata, ga Gwauron Dutse can yamma, ga hasumiyoyin babban masallaci, ga rufin kwano har iya ganin ido. Gidaje sun matso sun rungume gindin dutsen, har ina jiyo daka daga wani tsakar gida. A ƙarƙashin ƙafata kuwa marmarar tana marmashewa, zaizayar damina ta yi mata kwari-kwari.

Wannan marmara ita ta fara kiran mutane. Akwai tama a cikinta, kuma masu tonon kayan tarihi sun gano cewa ana narka ƙarfe a wajen tun ƙarni na 7 na miladiyya. Inda aka sami ƙarfe an sami fartanya da mashi, wato abinci da tsaro.

Littafin Tarihin Kano, wanda Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, ya ba da labarin Barbushe, daga zuriyar Dala, mutumin da dutsen ya ci sunansa, mai kula da tsafin Tsumburbura. Wata itaciya ce aka kewaye da katanga, ba mai shiga sai shi. Yana zaune a kan dutsen, ba ya saukowa sai kwana biyu a shekara. Idan lokacin ya gabato, mutane su taso gabas da yamma, kudu da arewa, maza da mata, wani da baƙin kare, wani da baƙar kaza, wani da baƙin bunsuru, su taru a gindin Dala da almuru. Dare na yi Barbushe ya fito da makaɗansa, a yi yanka, ya shiga, ya fito ya gaya musu abin da shekara za ta zo da shi. An ce a irin wannan dare ne ya faɗa musu baƙo na tafe wanda zai mallake su. Baƙon nan, Bagauda, ya zo a 999.

Mun gode Allah da ya fitar da kakanninmu daga wannan duhu. Amma ku lura da abin da taron ya bari. Mutanen da ke zuwa wuri ɗaya duk shekara sun san hanya, sun san juna, kuma ba mai tafiyar kwanaki hannu rabbana. A ganina, tun kafin a aza tubalin ganuwa, ƙafafun waɗannan maziyarta sun riga sun zana garin. Sarki Gijimasu ya fara ganuwa a ƙarni na 12. Sarki Tsamiya ya rushe katangar tsafin. A zamanin Yaji, 1349 zuwa 1385, Wangarawa suka iso daga Mali da Musulunci. Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, ya karɓi Shehu Magili, ya kafa kasuwar Kurmi. Bauta ta sauya gaba ɗaya, dutse kuwa yana nan, har Bakano na yi wa garinsa kirari da sunansa, ya nuna wa ɗansa da yatsa ya ce daga nan aka fara.

To mu fa, me za mu nuna? A 1968 aka gama madatsar ruwa ta Kainji, aka tashi mutum fiye da 40,000. Tsohuwar Bussa, inda Mungo Park ya halaka a 1806, tana ƙarƙashin ruwa. Tsibiran Gungawa da yawa sun nutse da gonakin albasarsu, da kushewun iyayensu, da itatuwan da ake taruwa a gindinsu. Lantarki mun samu, ba na musu. Sai dai wanda ruwa ya cinye masa mahaifa, bakinsa kaɗai ya rage masa shaida. Birnin Yauri kuwa, da ruwa bai kai gare ta ba, ganuwarta na zubewa a gaban idonmu, kuma wannan ba laifin madatsa ba ne.

Yaron da yake da shekara 15 lokacin tashin, yau ya haura 70. Kwanan baya na zauna da wani dattijo irin wannan a bakin tafki yana ɗinkin koma. Ya ɗaga allurar ya nuna tsakiyar ruwa, inda ni ban ga komai ba sai igiyar ruwa, ya ce can ne kasuwarsu take, can kuma rimin da jirage ke ɗaurewa.

Saboda haka ina roƙon Mai Martaba Sarkin Yauri da ya sa hakiman Ngaski da Shanga su ba da sunayen irin waɗannan dattawa. Ku kuma ɗalibai, wayar da ke aljihunku ta isa. Ku je ku durƙusa ku gaishe su, ku ɗauki muryarsu da Hausa da kuma harshen Gunganci, ku rubuta sunan kowane gungu da wanda ke maƙwabtaka da shi. Idan bikin Rigata ya zagayo, a ware jirgi ɗaya a ɗauke su, su nuna mana wuraren daga kan ruwa.