Kwana 381 Ba Su Shiga Bas Ba



Mu 'yan kasuwa mun sani, ran da masu saye suka juya baya, rumfa ta mutu. To, haka baƙar fatar Amurka suka yi. Ran 1 ga Disamba, 1955, a garin Montgomery, aka kama wata tela, Rosa Parks, don ta ƙi ba farar fata kujerarta a bas. Sai suka haɗa kai, Martin Luther King na gaba, suka ƙaurace wa bas kwana 381, alhali su ne yawancin fasinja. Wasu suka taka da ƙafa, masu mota suka riƙa kwasar 'yan'uwa. Kamfani ya tafka asara. A 1956 Kotun Ƙoli ta soke wariyar.

Jama'a, ko sanda ba su ɗauka ba. Allah Ya ba mu irin wannan haƙuri da haɗin kai. Wassalam.