Kundin da Muka Zuba a Kwamfuta, Wa Zai Buɗe Shi Bayan Shekara Talatin?

 

Maganata yau a kan adana ilimi ce a jami'o'inmu. Na san wani zai ce ai wannan zance an wuce wurin, tunda komai ya koma kwamfuta. To a nan gizo ke saƙar.

A shekarar 1086 Sarki William na Ingila ya sa aka zagaya ƙasarsa aka rubuta gonaki da dukiyar jama'a a wani littafi da ake kira Domesday. A fata aka rubuta shi, kuma har gobe yana nan ana karantawa. A 1986, da littafin ya cika shekara 900, sai BBC ta ce bari ta yi irinsa na zamani. Aka sa 'yan makaranta suka tattaro labarai da hotunan garuruwansu, aka zuba a wasu manyan faya-fayai. Ba a rufa shekara ashirin ba na'urar karanta su ta yi wuyar samu, sai da masana suka sha fama kafin su ceto abin da ke ciki. Jama'a, fata ta yi shekara 900, faifai ya kasa ashirin!

Mu dawo gida. Ɗalibi ya yi shekara uku ko biyar yana bincike, ya sayar da abin da ya sayar, ya miƙa kundinsa tare da faifan CD. Ina faifan yake zuwa? Sau da yawa kwali ake samu a jibge su a lungun ofis, zafin bazara ya dake su, ƙurar hunturu ta rufe su. Kwamfutocin yanzu ma yawancinsu ba su da wurin saka faifai. Wanda ya ajiye aikinsa a fulofi kuwa, sai dai mu ce Allah Ya mayar masa da alheri.

Ban ce ba a yi komai ba. Jami'ar Jos ta buɗe rumbun ajiyarta na intanet tun 2009, Jami'ar Ahmadu Bello ma tana da nata mai suna Kubanni, inda mutum zai sauke kundin bincike daga ɗakinsa. Madalla. Amma ɗora abu a intanet daban, adana shi daban. In kwafi ɗaya ne tak, a na'ura ɗaya, a ɗaki ɗaya da ke jiran janareta, to ajiyar tana hannun ƙaddara. A Oktoban 2023 masu kutse sun shiga na'urorin Babban Ɗakin Karatu na Birtaniya, aka yi watanni masu bincike ba su iya duba jerin littattafansa ba. A Afrilun 2021 gobara ta cinye ɗakin karatu na Jagger a Jami'ar Cape Town, da tarin kayan nazarin Afirka a ciki. In haka ta faru da masu kuɗi, mu fa?

Maganin ba wani tsafi ba ne. Tun 1999 Jami'ar Stanford a Amurka ta fito da tsarin da ake kira LOCKSS: ɗakunan karatu da yawa kowanne ya riƙe kwafin abu ɗaya, na'urorinsu suna gwada kwafin juna a kai a kai, wanda aka ga ya lalace a gyara shi daga na sauran. Kamar dai yadda alarammomi ke yi wa juna gyara a musaffa. Me zai hana Bayero ta riƙe wa Danfodiyo, Danfodiyo ta riƙe wa Maiduguri, Zariya ta haɗa kai da Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai? Sannan a riƙa sauya faya-fayan ajiya kafin su mutu, a riƙa mayar da tsofaffin fayil zuwa tsarin da manhajojin zamani ke iya buɗewa. Kuma a rubuta bayanin kowane abu: wa ya yi shi, yaushe, a kan me. Hoton rubutun ajami da ba a san mai shi ba, ba a san garin da aka ɗauko shi ba, rabin amfaninsa ya tafi.

Ku tuna ba kundin digiri kaɗai ba ne. Akwai takardun Gidan Arewa a Kaduna, wanda Farfesa Abdullahi Smith ya assasa a 1970. Akwai kasusuwan hira da dattawan da yanzu duk sun kwanta dama, kuma kaset ba ya jiran kowa.

Inda matsalar take shi ne kuɗi. Asusun TETFund yana gina ɗakunan karatu, yana sayen kwamfutoci, kuma mu 'yan siyasa muna son irin wannan aiki saboda akwai ƙyallen yankawa, akwai hoto. Adanawa ba ta da bikin buɗewa. Albashin ƙwararren ma'aikaci ne, da batirin sola, da sabon faifai, bana da baɗi da baɗin baɗaɗa. Saboda haka duk ranar da wakilinku ya zo yana lissafa kwamfutoci nawa ya kai jami'a, ku yi masa godiya, sannan ku tambaye shi: Ranka ya daɗe, nawa aka ware a kasafin bana don kula da abin da ke cikinsu, kuma a wane gari kwafi na biyu yake?