Mabiya Ba Jari Ba Ne: Lacca Kan Cin Abinci da Gwaninta a Intanet

Lokacin da aka ba ni gajere ne, kuma ba na jin akwai wanda ya shigo zauren nan babu waya a aljihunsa, don haka ba sai na tsaya bayanin mene ne intanet ba.

Saɓanina da abokan aikina na cibiyoyin koyar da sana'a a jami'o'inmu, da jami'an gwamnati masu shirya horar da matasa, ya daɗe, kuma yau ma a kansa zan tsaya. Tun wajen 2007 Hukumar Jami'o'i ta Ƙasa ta wajabta darasin dogaro da kai ga kowane ɗalibi. A 2023 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin 3MTT, da burin horar da mutum miliyan 3 kan fasahar zamani. Jihohi ma wasu suna da nasu. Niyyar mai kyau ce. Amma ku leƙa yawancin tarukan horon da ake yi a garuruwanmu: a tara matasa mako biyu, a koya musu buɗe shafi, da haɗa hoton talla, da dabarun tara mabiya, a raba satifiket, a watse. Babu mai tambayar yaron nan me ya iya. Ni kuwa a wurina daga nan maganar take farawa. Intanet ba ta haifar da gwaninta, kai ta kawai take yi inda ƙafa ba ta kai ba. Matar da ta shekara goma tana haɗa turaren wuta, da mai gyaran waya a kasuwar Farm Centre, da malamin lissafin da ya san daidai inda yara ke faɗuwa a jarrabawar JAMB, su ne ke da abin sayarwa. Wanda ba shi da komai a hannu, in ka koya masa talla kaɗai, ka jefa shi cikin masu sayar da darasin yadda ake sayar da darasi. Daga nan zuwa damfara ba nisa. Mun ga MMM a ƙarshen 2016, mun ga CBEX a Afrilun 2025, mun kuma ga samarinmu sun yi watanni a 2024 suna danna fuskar waya saboda wasan Hamster Kombat.

To, a ce mutum ya iya abu na gaske. Babban kuskuren da ake cusa masa shi ne wai yawan mabiya shi ne jari. Ina roƙon ku ba ni haƙuri a nan, domin zan daɗe.

Mai shafi a Facebook ko TikTok ko YouTube ɗan haya ne a rumfar da ba yarjejeniya, mai rumfar na iya kulle ta ko ya sauya ƙofa ba tare da sallama ba. Shekara ɗaya tak, 2021, ta ishe mu hujja. Ranar 5 ga Yuni gwamnatin Nijeriya ta dakatar da Twitter, ba a buɗe ta ba sai 13 ga Janairun 2022, wata bakwai ke nan. A farkon Satumba aka kashe layukan waya a jihar Zamfara baki ɗaya saboda matsalar tsaro, sannan aka bi da wasu ƙananan hukumomin Katsina, Sakkwato da Kaduna, har mutane suka riƙa shiga mota zuwa maƙwabtan jihohi don su buga waya. Ranar 4 ga Oktoba, Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke a duniya duka na kusan awa shida. Kafin wannan, a watan Fabrairu, an katse intanet ta waya a Jamhuriyar Nijar na kusan kwana goma bayan zaɓe, wato mai sayar wa mutanen Maraɗi da Damagaram ta rasa su a lokacin. Ba a tsaya nan ba. A Maris ɗin 2024 wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace, Afirka ta Yamma ta shiga wahala, har hada-hadar banki ta taɓu. A Yulin shekarar hukumar kare haƙƙin masu saye ta ci kamfanin Meta, mai Facebook, tarar dala miliyan 220, kuma a 2025 kamfanin ya shaida wa kotu cewa yana iya rufe Facebook da Instagram a Nijeriya. A cikin waɗannan duka, wanne ne aka nemi shawarar mai koyar da girki a Gusau?

Abin da ya fi taɓa ni shi ne na marubutanmu. Tun zamanin adabin kasuwar Kano, marubuci ya san dillalinsa, ya san shagon da littafinsa yake. Da takarda ta yi tsada, mata marubuta da yawa suka koma intanet, wasu suka zuba littattafansu a OkadaBooks. Ranar 30 ga Nuwamban 2023 manhajar ta rufe, bayan shekara goma tana aiki. A irin wannan kanti, bayanan mai saye a hannun kantin suke zama. Marubuciyar da ta dogara da shi kaɗai ta wayi gari da suna, amma ba ta da hanyar ce wa masu karatunta ga inda na koma. Takwararta kuwa, wadda ke sakin shafukan kyauta, sannan ta ce mai son ci gaba ya tura kuɗi, ta ga alat, ta sa lambarsa a rukunin waɗanda suka biya, ta rubuta sunansa da garinsa da littafin da ya saya, ita rufewar ba ta girgiza ta ba. Da WhatsApp zai ɗauke gobe, da saƙon tes za ta kira mutanenta zuwa Telegram.

Wani zai ce ai ranar da aka kashe layi a Zamfara lambar waya ma ba ta yi amfani ba. Gaskiya ne. Amma ku dubi abin da ya biyo baya. Wadda abincinta ke rataye da ɗora bidiyo kullum, in ta yi wata biyu shiru, manhaja ta daina nuna ta, wasu sun maye gurbinta, sai ta sake tashi daga ƙasa. Wadda ke da ɗalibai 40 da suka biya, suka ga amfanin abin da ta koya musu, jiran ta za su yi, su ma fara yi mata jaje. Shi ya sa nake cewa mutum 200 da suka taɓa ciro kuɗi suka ba ka, kana da lambarsu da izininsu, sun fi mabiya 200,000 da ba ka san ko ɗaya ba. Na ce da izininsu, domin dokar kare bayanan jama'a ta 2023 tana nan, kuma ko babu doka, jefa mutum cikin rukuni ba tare da ya sani ba rashin ladabi ne.

Abokan aikina kan kawo misalin Kannywood, su ce ga Izzar So da Labarina, YouTube ta rufa musu asiri. Waɗannan kamfanoni ne masu jari da 'yan wasa da masu ɗaukar nauyi. Malamar ɗinki ba haka take ba. Kafin YouTube ta fara raba mata kuɗin talla sai ta tara masu bi 1,000 da awa 4,000 na kallo, kuma abin da ake biya kan mai kallo daga Nijeriya bai kama ƙafar na mai kallo daga Amurka ba. Masu cewa a bar maganar Hausa a nemi aikin dala daga waje kuma, ina yi musu fatan alheri. 'Yan kaɗan za su samu. Sauran miliyoyin fa, da kasuwar Hausa da ta miƙe daga Kumasi har Sudan?

Sai maganar farashi, wadda na ga tana kashe masu gwaninta fiye da rashin kwastoma. Muna jin kunyar karɓar kuɗi a kan ilimi. Mutum zai shekara yana koyarwa kyauta, ranar da ya ce a biya sai a ce ya canza hali. Gara ya faɗi farashinsa tun ranar farko, ko da kaɗan ne, ya kuma yi lissafi. Kafin Yunin 2023 dala tana wajen Naira 460 a farashin gwamnati, a farkon 2024 ta haura 1,500, kuma duk manhajar da ake biya da dala ta bi ta. A Janairun 2025 hukumar sadarwa ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data. Ga caji, ga fetur ɗin janareta. Wanda bai sa waɗannan cikin kuɗin ajinsa ba, daga aljihunsa yake ciyar da ɗalibansa. Karɓar kuɗi dai yanzu ba matsala ba ce: ƙarancin takardun Naira na farkon 2023 ya koya wa har mai shayi karɓar taransifa, ga OPay ga Moniepoint.

Kukan da na fi ji daga masu wannan sana'a shi ne "an fitar min da darasi", wato wani ya biya sau ɗaya ya raba wa duniya, ko an karanta littafin mutum a YouTube ba da izininsa ba. Sata ce, kuma sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a 2023 ta tanadi hanyar neman a sauke irin wannan. Amma ba na so mai gwaninta ya ƙare rayuwarsa yana bin ɓarayi. Ya sayar da abin da ba ya turuwa. Bidiyon yanka riga kowa na iya tura shi. Abin da ba a iya turawa shi ne ɗaliba ta ɗauko hoton rigar da ta ɗinka, malama ta duba ta ce hammatar ta matse, ki ƙara inci ɗaya a nan, ki warware ki sake, ki turo min kafin Juma'a. Wannan gyaran ake biya, shi ne kuma ke sa ɗalibar ta kawo ƙanwarta.

Ga abin da nake nema, kuma na sha faɗa a zaman kwamiti. Cibiyoyinmu su daina ɗaukar mutum horon kasuwancin intanet sai ya nuna sana'ar hannunsa ko iliminsa, wanda ba shi da ita a fara tura shi wurin mai ita. A koyar da Hausa, da ajami ma ga masu buƙata. Darasin farko ya zama ajiye rajistar abokan ciniki a wajen manhaja, da raba asusun sana'a da na cefane, da yin rajistar suna a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC. Gwamnatocin jihohi kuma, duk ranar da za a sake tunanin kashe layi, a sa masu cin abinci da shi cikin lissafi.

Ku da ke sa hannu a kasafin waɗannan shirye-shirye, ku daina karɓar rahoton yawan satifiket da aka raba. Ku ce a kawo muku sunayen waɗanda aka horar, da adadin waɗanda har yanzu ke samun ciniki bayan shekara biyu, kafin ku saki kuɗin zagaye na gaba.