Gani Ya Kori Ji: Jawabi Kan Karatun Yaranmu Na Firamare

Shugaban taro, iyayenmu hakimai, malamai, da 'yan'uwa mazauna birane.

A Sakkwato aka ƙaddamar da shirin ilimin bai-ɗaya na UBE a 1999, amma har yau yaranmu da dama hadda kawai suke yi, hannunsu bai taɓa abin da ake koya musu ba. Alhali kayan koyarwar suna ƙofar gida.

Yaron Kwargaba da ya auna shinkafa da kwano ya fahimci rabi da kwata tun kafin a rubuta masa su. Wanda ya dasa albasa a lambun makaranta, yana auna tsayinta kowace Litinin yana rubutawa, ya haɗa lissafi da kimiyya a fangali guda. Wanda aka kai madatsar ruwa ta Goronyo, ko hubbaren Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a Wurno, ba zai manta darasin ba.

Saboda haka ina roƙon kowane reshe ya ɗauki makaranta guda, ya samar mata iri, igiyar awo, bokitin ban-ruwa da kuɗin motar ziyara sau ɗaya a zango. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah Ya sa mu dace.