Jawabi a Taron Tsofaffin Ɗalibai: Kada Kiɗa Ya Danne Murya



Tun fitowar fim ɗin Sangaya a 1999, fiyanon Yamaha ya mamaye waƙar Hausa. Yau yaro zai rera waƙa a nan Illela, abokinsa ya buga kiɗa a Birnin Konni, su tura wa mai haɗa sauti a Kano ta waya. To, da yake kowa shi kaɗai ya naɗi nasa, in an haɗa sai fiyano ya danne murya, baiti ya ɓace. Waƙarmu kuwa magana ce. In ba a ji ta ba, kuɗin situdiyo ya tafi a banza.

A rediyo, da mai gabatarwa ya buɗe baki akan rage kiɗa ɗungurungum. A waƙa hakan na sa kiɗa ya riƙa shessheƙa, ba daɗin ji. Abin da ya fi shi ne a sa kwamfuta ta riƙa sauraron murya, ta ɗan sassauta fiyano a zangon da kalmomi ke fita sarai kawai, wato girgiza 1,000 zuwa 4,000 a daƙiƙa. Ganga tana can ƙasa da wannan zango, ba a taɓa ta. Da mawaƙi ya tsaya jan numfashi, fiyano ya dawo da ƙarfinsa.