Kalmar "Sistem" da Rabon Ruwan Kogin Haɗeja



Kalmar da turawa ke kira "sistem" mun saba fassara ta da tsari. Muna cewa tsarin mulki, tsarin karatu, tsarin ban-ruwa. Yaranmu kuma sun ari kalmar yadda take, kwamfuta ma sistem suke ce mata. Abin da na zo da shi yau shi ne, a Hausa ba a yin tsari sai da wanda ya tsara, ita kuwa kalmar aron ta zama mafakar ma'aikaci. Ka tambaye shi wa ya saki ruwa, ya ce maka sistem ne, ya rufe fayil.

A bakin injiniya, sistem yana nufin madatsa da ƙofofinta da magudanai. Madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974, tana riƙe ruwa kusan kubik mita biliyan 2. Ta Challawa, ta 1992, tana riƙe kusan biliyan 1. A 1976 aka kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda ke kula da su tare da aikin noman rani na Kadawa da na kwarin Haɗeja. A taswirar injiniya, iyakar tsarin ita ce inda siminti ya ƙare.

Masanin ruwa ya fi shi hangen nesa. A wurinsa kogin Kano da na Challawa da suka haɗu suka zama kogin Haɗeja, da rassan da ya yi ƙasa da garin Haɗeja, wato Marma da Burum Gana da tsohon kogi, har Komadugu Yobe da Tafkin Chadi, duk jiki ɗaya ne. Ka taɓa Tiga, sai Guri da ke can ƙasan kogin ta ji.

Akwai tsari na uku, wanda ba ya cikin kowane fayil, kuma a kansa na fi daɗewa a bincikena. Kafin madatsu, ambaliya na zuwa da damina ta janye da rani. Manomi ya yi shinkafa, masunci ya bi kifi da koma a ƙarƙashin sarkin ruwa, ruwa na ja da baya a shuka wake a danshi, daga baya Fulani su shigo da shanu. Fili ɗaya, sana'a uku, kowa ya san lokacinsa. Wannan ma tsari ne, kuma ya girmi kowace hukuma. Binciken Barbier da Adams da Kimmage a farkon shekarun 1990 ya nuna cewa amfanin da ake samu daga ruwan da ya malala a fadama ya fi na wanda aka karkatar zuwa manyan gonakin ban-ruwa, nesa ba kusa ba. Fiye da shekara talatin ke nan, har yau ban ga inda wannan lissafi ya shiga jadawalin sakin ruwa ba.

Da aka koma sakin ruwa daga madatsun rani da damina, hanyoyin ruwan suka daina bushewa, ciyawar kachalla ta samu gindin zama. Na shiga kwalekwale a yankin Marma, ciyawar ta fi tsawon mutum, mai tuƙi yana sara da adda kafin mu matsa taku goma. Da magariba tsuntsayen jan-baki ke tashi daga cikinta kamar hayaƙi, su sauka a kan shinkafa. Wani dattijo ya nuna mini gonar da ya gada, ruwa kwance a kanta shekara da shekaru, alhali 'yan'uwansa a wani reshen suna tonon rijiya a tsakiyar kogi. Ambaliyar 2020 da ta 2022 kuwa kowa ya gani.

An sanya tafkin Nguru da Marma cikin jerin Ramsar na muhimman fadamun duniya a 2000, fadamar Baturiya a 2008. An yi taruka, an sa hannu a takardu. Madalla.

Buƙatata ita ce a riƙa buga jadawalin sakin ruwan Tiga da Challawa da Hausa, a karanta a rediyo kafin a buɗe ƙofa, da sunan ofishin da ya yanke shawarar. A kuma ba sarakunan ruwa da wakilan manoma da makiyaya na Auyo da Kirikasamma da Guri kujera a wurin da ake tsara shi.