Wayar da ke aljihunka: wa ke sauraren ka, kuma wace manhaja za ka amince da ita?

 

Tun da muka fara wannan zama, tambaya guda ce ake ta maimaita mini: shin gwamnati na jin vokal ɗin da muke aika wa juna a WhatsApp? Wani ya ce shi ya koma Telegram, wata ta ce an gaya mata Signal ta Amurkawa ce, kar ta taɓa. To bari mu bi abin daki-daki.

Mu fara da doka, don ita ce ke kai mutum kaso. Kundin tsarin mulki na 2010, a aya ta 29, ya ce ba a keta sirrin wasiƙa da na sadarwa sai ta hanyar da doka ta tanada. An dakatar da kundin bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023. Amma tun kafin nan, a 2019, an kafa dokar yaƙi da laifukan intanet. A Mayun 2020 majalisar dokoki ta amince da dokar da ta ba da damar sauraren sadarwar mutane, 'yan adawa suka fice daga zauren. A wannan doka, shugaban ƙasa ne ke ba da izinin saurare, ba alƙali ba. A 2022 an cire ɗauri daga hukuncin ɓatanci da zagi ta intanet, a Yunin 2024 aka maido da shi, kuma yaɗa abin da aka ce zai iya tada hankalin jama'a na iya ja wa mutum shekara 2 zuwa 5. Kun san 'yar jarida Samira Sabou, wadda aka tsare a 2020 kan rubutun Facebook. Kun tuna ƙarshen Fabrairun 2021, bayan zagaye na biyu na zaɓe, yadda aka yanke intanet na salula kusan kwana goma. Ka ga abin ya ratsa gwamnati uku. Shi ya sa nake cewa kar kowa ya ɗauke shi maganar ɓangare, don kujera juyawa take, dokar kuma tana nan tana jiran na gaba.

Yanzu yaya waya ke aiki? In ka yi kira na yau da kullum ko ka aika SMS, maganarka na bi ta na'urorin kamfanin waya a buɗe. Layin kuma da katin shaidarka aka yi masa rajista, kuma kamfani ya san eriyar da wayarka ta kama, wato ya san unguwar da kake. Wannan ita ce hanya mafi sauƙin saurare.

WhatsApp daban ne. Tun Afrilun 2016 saƙonka kan kulle a cikin wayarka, ba ya buɗewa sai a wayar wanda ka aika wa. Ku ɗauka kamar ka je tasha ka ba direba akwati mai kwaɗo ya kai Damagaram, mabuɗi ɗaya na hannunka, ɗaya na hannun ɗan uwanka can. Direba ba zai ga abin da ke ciki ba. Amma ya san wa ya aiko, wa za a kai wa, wace rana, kuma sau nawa kake aike a wata. To irin wannan bayani kamfanin Meta, mai WhatsApp da Facebook, yana iya samu, kuma hukuma na iya neman sa a wurinsa. In aka san wa kake kira ƙarfe biyun dare kafin kowane taro, an san abu mai yawa ko ba a ji kalma ɗaya ba.

Signal ita ce ta ƙirƙiro irin kwaɗon da WhatsApp ke aiki da shi. Ƙungiya ce da ba ta neman riba, kuma tsarin manhajar a buɗe yake, masana na duniya suna bincika shi. A 2016 wata kotu a Amurka ta nemi bayanan wasu masu amfani da ita. Abin da aka samu a wurinta biyu ne kawai: ranar da aka buɗe asusu, da ranar ƙarshe da ya hau. Ba ta ajiye saura ba, balle ta bayar.

Telegram fa? Nan ne mutane da yawa ke ruɗuwa. Hirar yau da kullum da ta gurup a Telegram ba a kulle suke daga waya zuwa waya ba, suna ajiye a kwamfutocin kamfanin. Sai ka zaɓi hirar sirri da kanka, ita ma tsakanin mutum biyu kawai. A Agustan 2024 aka kama mai kamfanin, Pavel Durov, a Faransa, wata guda bayan haka kamfanin ya sanar cewa zai iya miƙa lambar waya da adireshin intanet ga hukuma in ta zo da takardar shari'a. Wanda ya bar WhatsApp ya koma can don neman sirri, ya gudu daga ruwa ne ya faɗa rijiya.

Masu zargin cewa wata manhajar tarko ce, ba su yi hauka ba, don an taɓa yi. A 2020 aka tona cewa kamfanin Crypto AG na Suwizalan, wanda ya sayar wa ƙasashe fiye da 120 na'urorin ɓoye saƙo, mallakar hukumar leƙen asirin Amurka ne da ta Jamus. A 2021 aka bayyana cewa wata manhaja mai suna ANOM, da masu safarar ƙwayoyi suka amince da ita, 'yan sandan FBI ne ke tafiyar da ita, aka kama mutum fiye da 800. Darasin shi ne, in wani ya turo maka manhajar da ba a sani ba ya ce ta fi kowace sirri, ko irin WhatsApp ɗin nan na jabu mai launi-launi da yara ke sakawa a kasuwa, ka bar ta.

Sai kuma abin da ya fi ƙarfin kwaɗo, wato a shiga wayar kanta. Kamfanin NSO na Isra'ila na sayar wa gwamnatoci manhajar leƙen asiri mai suna Pegasus. A 2019 WhatsApp ya ce an kai hari da ita kan wayoyi kusan 1,400, ta hanyar kira kawai, ko ba ka ɗauka ba. Cikinsu har da wani bishop a Togo, nan kusa da mu. In ta shiga, abin da idonka ke gani a waya ita ma tana gani. Amma tana da tsada ƙwarai, manyan kifaye ake farauta da ita.

Mu talakawa, gaskiya, ba Pegasus ke kama mu ba. Na san wani ɗan ƙungiyarmu da ya yi vokal cikin fushi a gurup na mutum wajen ɗari biyu. Kafin la'asar muryarsa ta zaga garuruwa uku, washegari aka kira shi komisariya. Ba wanda ya fasa kwaɗo. Wani daga cikinmu ne ya tura. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kuma ba mu kaɗai ba: a Maris 2025 manyan jami'an tsaron Amurka suna tattauna harin Yaman a Signal, suka saka editan mujallar The Atlantic cikin gurup bisa kuskure, ya karanta komai. Manhajar ta yi aikinta, mutane ne suka yi sakaci.

To me za mu yi? Ka sa wa wayarka lambar sirri mai tsawo, ka fi dogara da ita a kan yatsa, don yatsa ana iya kama shi a danna. Ka kunna tabbaci mai mataki biyu a WhatsApp, kuma lambar nan shida da ake turowa ta SMS kar ka ba kowa, ko da ya ce daga kamfani yake. Ka duba sashen na'urorin da aka haɗa, musamman in ka bar waya wajen mai caji ko mai gyara, don minti ɗaya ya isa a jona asusunka da kwamfutar wani. Ka kunna saƙo mai gogewa da kansa, na awa 24 ko kwana 7. In kana ajiye kwafin hirarka a Google, ka kunna kulle shi, don ba ya kulluwa sai ka sa shi. Maganar da ta shafi lafiyar wani, kamar shaida ko wanda aka zalunta, a kai ta Signal, ko a yi ta baki da baki, waya na wani ɗaki. Shugabannin gurup kuma, duk lambar da ba ku san mai ita ba ku tambaya. Vokal kuwa, ku tuna muryarka sa hannunka ce, magana kuma zarar bunu ce.

Wani zai ce, wanda bai da laifi me zai ɓoye? Malam, gidanka ma akwai zaure da labule, kuma ba sata kake a ciki ba. Mun san halin da ake ciki a Madarumfa da Gidan Rumji, mun san masu garkuwa da mutane da waya suke neman kuɗin fansa, kuma muna son jami'an tsaro su bi sawunsu. Abin da muke nema shi ne a sa ƙa'ida: alƙali ya ba da izini kafin a saurari ɗan ƙasa, a ƙayyade lokaci, a samu wata hukuma mai zaman kanta da za ta duba, kuma wanda aka saurara bisa zalunci ya samu inda zai kai ƙara. Muna da hukumar kare bayanan jama'a, HAPDP, ya kamata mu riƙa ƙwanƙwasa ƙofarta.

Kafin mu tashi, kowa ya fiddo wayarsa. Matasa za su zagaya, duk wanda bai iya kunna abubuwan da na lissafa ba a nuna masa yanzu, musamman iyayenmu mata. Allah ya tsare mu, ya ba ƙasarmu zaman lafiya.